Na Kai Yaron Iya Bompai

Tun da na dawo ba a bar ni na sha ruwa da daɗi ba. Wadda ta gamu da ni a bakin famfo sai ta ce, "Madam, ina tsarabar Kano?" Wadda ta gamu da ni a lakwal, makarantar da nake koyarwa, sai ta ce in ba ta labarin Kwari da atamfofinta. Har Rabi, da muka yi ƙuruciya tare, ta tsare ni a gidan suna wai in faɗa mata ko da gaske ne matan Kano ba sa daka. To ga shi na rubuta sau ɗaya, kowa ta karanta ta huta, ni ma in huta. Amma ku sani tun yanzu, ban ga Kwari ba, ban hau Dala ba, ko ɗankwali ban sayo ba. Kanon da na gani ta kamfanoni ce, kuma yawancin zamana a cikinta zaman kaɗaici ne, ko da akwai mutum a gefena.

Ga wanda bai san gidanmu ba, ɗana na fari ba ya magana. Ya shekara goma sha ɗaya bai taɓa cewa "Inna" ba. Ba kurma ba ne, don tun babur na bakin kwalta yake toshe kunne. Sunansa ba zan rubuta ba. Ɗan fari ne, kun san al'adarmu a Matamaye, ni kuwa ba na cikin masu zaginta. Yaron Iya muke ce masa, domin tun da aka yaye shi surukata Iya ta ɗauke shi ɗakinta kamar yadda ake yi. Ni in dafa, in wanke, in aika, ita ce mai zama da shi. Iya ba ta buƙatar ya yi magana. In ya tsaya a bakin randa ta san ruwa ne, in ya shafa ƙofa ta san fita yake so. Ko hannu bai gama ɗagawa ba ta miƙa masa abin da yake nufi.

Da bazara Allah ya yi wa Iya rasuwa, gidan kuwa ya rikice. Yaro ya zo ya tsaya a tsakar gida, mu yi ta miƙa masa abubuwa, ga ruwa, ga fura, ga takalmi. In muka kuskure sau ɗaya shi ke nan, ba ya sake gwadawa. Sai ya tafi jikin bangon ɗakin Iya ya yi ta buga goshi har jini ya fito. Ranar da ya ciji ƙanwarsa a hannu, Baffa Isuhu, yayan maigidana, wanda shi ne babba a gidan yanzu, ya yi sallama ya zauna a bakin ɗakina. Ya ce akwai mai magani a wani ƙauye da ke riƙe irin waɗannan yara. Na san gidan, kowa ya san shi, da mari ake riƙe su.

"Ke za ki koma lakwal in hutu ya ƙare," in ji Baffa. "Wa zai tsare shi? In ya fasa kansa fa, me zan ce wa ubansa?"

Baffa ba mugu ba ne, idonsa ja yake wannan magana. Na roƙe shi ya ba ni hutun daminar nan kawai. Maigidana yana aiki a wani kamfanin jimar fata a Challawa, kuma ya ji wani abokin aikinsa na zancen wata malama a Bompai mai koya wa yaran da ba sa magana yin roƙo da hotuna. Baffa ya ce in je. Amma in aka buɗe lakwal yaron yana nan yadda yake, kada in ce bai yi mini kara ba.

Na bar ƙannensa mata wajen yayata, muka shiga wata tsohuwar mota da aka cusa mu kamar buhunan albasa. Na sama masa gefen taga, na cika leda da burodin nan namu dogo mai tauri, don shi kaɗai yake ci da safe. Ɗan Barto, ɓangarenmu na kan iyaka, muka wuce lafiya. A Kwangwalam ne, ɓangaren Najeriya, wani mai kaki ya leƙo ya dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"Hajiya, wannan yaron naki ne?"

Na ce nawa ne.

Ya sunkuya wajen taga. "Kai, yaya sunanka?" Yaro yana can yana kallon madubin mota. Ya juyo wurina. "To ke, yaya sunansa?"

Jama'a, mota cike da maza, ga dattawa a gaba. Bakina ya ƙi buɗewa. Na zaro takardar haihuwa na miƙa, ya ce shi ba takarda ya tambaya ba, takarda kowa na iya samu. Yaron da ba ya magana, da uwar da ba ta san sunan ɗanta ba, ai dole mu sauko. Ban ga laifinsa ba, ana satar yara. Na fara tattara zanena ke nan, sai wata tsohuwa 'yar Kance, mai kai wa ɗiyarta kuka da busasshiyar kuɓewa, ta zuro kai ta bayana.

"Kai ɗan nan, kai ba Bahaushe ba ne? Ɗan farinta ne! Uwarka ta taɓa kiran yayanku da suna?"

Mai kaki ya tsaya, sai ya fashe da dariya. "Ai ni ne ɗan farin, Baba. Wallahi har yau 'wannan' take ce mini." Ya miƙo mini takardar, ya bugi rufin mota. Har muka wuce Daura ana dariyar abin, ni ma ina tayawa, amma gumin da ya jiƙa mini baya bai bushe ba sai Kazaure.

Tun daga bakin Kano yaro ya cusa yatsu a kunne, bai cire ba har tashar Ƙofar Ruwa. Can maigidana ya tarye mu. Ya gaishe ni, ya saci kallon ɗansa ta gefen ido, ya ce wa iska, "An iso lafiya?" Shi ma ɗan farinsa ne, kunyar tamu ɗaya ce. Ya ɗauki jaka ya tsayar mana da adaidaita sahu, keken nan mai ƙafa uku mai launin rawaya, don su can ba a yin kabu-kabun babur a cikin gari.

Masaukinmu ɗakinsa ne a wani gidan haya a Challawa, ɗaki-ɗaki a jere, kowa da murhunsa a ƙofa. Da muka shiga unguwar na ɗauka jaki ne ya mutu a bayan katanga. Maƙwabciyarmu Uwani, 'yar Ringim, mai sayar da shinkafa da wake a ƙofar kamfani, ta ga na toshe hanci da mayafi sai ta tuntsire. "Baƙuwa, saki hancinki. Wannan ai ƙamshin albashi ne." Warin jima ne, kuma ya kama komai, har tuwo sai ka ji shi a ciki. Ruwan kwata kuwa yau shuɗi, gobe ja, ya danganta da abin da aka rina.

An ce in ba ka san gari ba ka saurari daka. To, Rabi, ga amsarki, a Challawa ban ji daka ba, jiniyar kamfani na ji. Ita ke tashin mutane, ita ke mai da su. Wani mako maigidana na aikin rana, wani mako na dare, in yana ɗaki barci yake, ni kuma aikina in hana yaro ƙara. Gaisuwarsu gajeriya ce, "Sannu" ɗaya mutum ya wuce, kina tsaye da sauran gaisuwarki a baki. Shayinsu ma ba namu ba ne na ɗan kofi mai ɗaci da ake zama a kansa, wani ƙaton kofi ne da madara, a shanye a tsaye a ruga. Ruwa saye ake yi wajen 'yan ga-ruwa, kuma yawancinsu mutanenmu ne. Wani lokaci nakan sayi ruwan da ba na buƙata, don kawai in ji harshen gida a bakin mai tura kura.

Makarantar tana can Bompai, ƙetaren gari, a bayan wani rufaffen kamfani da ciyawa ta cinye ƙofarsa. Gida ne mai 'yan ɗakuna, da yara kaɗan. Malama Binta gajeriya ce mai saurin magana, rabin zancenta Turancin Ingila, ni kuma nawa na Faransa, dole muka haɗu a Hausa. Ta karanta takardar yaro, ta ɗago ta ce, "Sannu da zuwa, Maman wane," ta kama sunansa ɓaro-ɓaro ta liƙa mini. Har waiwayawa na yi in ga da wa take. Ashe haka matan Kano na yanzu suke yi, da ɗan fari ake kiransu, su amsa da murna. Wasu har hotonsa suke ɗorawa a waya su rubuta "rabin raina". Na ce a zuciyata, lalle duniya ta zo ƙarshe.

Ta ce abin da ke tare da shi ana kiransa otizim. Ba iska ba ce, ba sammu ba ne, ba kuma hauka ba. Ta nuna mini wani ɗan allo mai maɗauri da ake ratayawa, an liƙa masa ƙananan hotuna lulluɓe da roba. Yaro ya ciro hoton abin da yake so ya miƙa wa babba, babba ya ba shi abin. Wata mataimakiyarta na tsayawa a bayan yaro ba ta cewa uffan, in ya rasa yadda zai yi sai ta ɗan tura hannunsa wajen hoton, ta janye.

Farkon abin bai yi ba, kuma ba laifin kansa ba ne. Hoton ruwansu na leda ne, shi kuwa ruwa a wurinsa randa ce da moɗa. Hoton burodinsu na lallausan nan ne na Kano mai zaƙi, wanda in ka matse shi ya koma kamar auduga. Ya dube shi ya jefar. Sai da na kira Rabi ta shiga gidanmu ta ɗauko mini hoton randarmu ta turo ta waya, muka ɗauki na sauran guntun burodin da na zo da shi, Malama ta wanko su. Ranar da ya ga randar gidanmu a kati ya daɗe yana kallonta, sannan ya miƙa wa Malama. Ta ba shi ruwa a moɗar da Uwani ta ara mana.

Burodina ya ƙare, na rasa yadda zan yi. Ban faɗa wa maigidana ba, amma wata safiya ya dawo daga aiki a makare, ya ajiye leda a bakin ƙofa ya kwanta. Dogayen burodi ne. Ashe daga Challawa ya bi har tasha, ya roƙi direbobinmu su riƙa taho masa da shi. Daga nan bai taɓa barin ya yanke ba, kuma bai taɓa faɗin don wa yake sayowa ba.

Da yaro ya iya miƙa hoto na ɗauka an gama, har na fara tunanin gida. Malama ta ce yanzu aka fara.

"Maman wane, in kin yi wa mai kanti magana bai ji ba, me kike yi?"

"In sake faɗa."

"In kin ce sukari ya miƙo miki gishiri fa?"

"In ce ba shi ba."

"To wannan ne ɗanki ba shi da shi. Roƙo mai sauƙi ne. Abin da ke sa shi buga kai shi ne in an kuskure masa, ba shi da hanyar gyarawa. Kakarsa ba ta taɓa kuskure ba, don haka bai taɓa buƙatar koya ba."

Raina ya ɓaci. Na ce mata baiwar Allah tana kabarinta, kada a ɗora mata laifi. Ta ce ita ba laifi ta ce ba, so ne, amma duniya ba Iya ba ce, kowa zai kuskure masa, har ni. Ta ciro wani jan kati mai baƙin gicciye a tsakiya, ta ce ma'anarsa "ba wannan ba". Daga ranar ta fara kuskure da gangan. Ya miƙo hoton burodi, ta miƙa masa cokali. Kafin ya kai ga ihu mataimakiya ta tura hannunsa kan jan kati, ya miƙa, Malama ta ce, "Au, ba wannan ba? To wanne?" ya sake miƙo burodi, ta ba shi nan take. Wani lokaci ta juya baya kamar ba ta gan shi ba, don ya koyi taɓa kafaɗa. Wani lokaci ta ɓoye hoton da yake nema, don ya koyi kawo mai kama da shi, ko ya ja mutum ya nuna. Ya yi kuka, ya yi birgima, amma sannu ba ta hana zuwa, ya fara kamawa.

Da Malama ya kama. Da mataimakiya ya kama. Har mai gadi ya taɓa miƙa wa hoton randa. Ni ce dai bai taɓa miƙa wa komai ba. A zaunar da ni da burodi a hannu, kowa ya koma gefe, sai ya ciro hoton ya kewaye ni kamar turmi a tsakar gida, ya kai wa wadda ke can bakin taga. Ni da ke tsayawa gaban aji cike da 'ya'yan mutane ina koya masu magana da harshen da ba na iyayensu ba. Ban taɓa jin kaɗaici irin na wannan ɗaki ba, kuma a gaban mutane nake jin sa.

"Ba ƙin ki yake ba," in ji Malama da ta ga fuskata. "Abin da ya gani ya riƙe. Ke mai kawo abinci ce ki ajiye ki juya. Bai san ana tambayarki ba." Ta ce dole in zauna gabansa gwiwa da gwiwa, in dubi fuskarsa, in kira sunansa. Na ce kallon zan iya, sunan dai a yi mini afuwa. Ta ce to da me zai san da shi nake? Muka yi ta ja. Ƙarshe ta fitar da kowa, ta ja mana ƙofa, ta ce ko bango ba zai kai labari Matamaye ba.

Na zauna. Na daɗe ina kallon kunnensa, irin na babana ne, ban taɓa lura ba. Sannan na kira shi. Muryar ta fito kamar ta wata, shi kuwa ko gezau. Haka muka yi ta yi kullum, ƙofa a rufe, ni ina kira, shi yana kallon fanka. Wata safiya kuma, ba tare da wani dalili da na gani ba, ya ciro hoton burodi, ya tsaya, ya duba ƙofa, ya ga ba kowa, ya ajiye mini a cinya. Ba a hannu ba, a cinya, yana kallon wani wuri. Na ba shi burodin gaba ɗaya. Malama ta ce na yi daidai, na farko ba a wasa da shi.

Amma bayan ya saba ta ce lokaci ya yi da ni ma zan kuskure masa. Wannan ya fi kiran suna wuya. Yaron da sai yanzu ya gane ana tambayata, in dube shi in miƙa masa takalmi? Na yi. Ya dubi takalmin, ya dube ni, a karo na farko ido cikin ido, sannan ya ruga jikin bango. Mataimakiya ta tare shi da matashi, ta kai hannunsa kan jan kati. Ranar a adaidaita na yi kukana cikin mayafi, direba yana ta jin waƙa.

Mafi munin rana a Sharaɗa ta same mu. An yi ruwa hanya ta cika, direba ya yanke ta cikin kamfanoni, yaro kuwa ba ya son a canza masa hanya. Muna tsakiyar cunkoso aka busa jiniyar canjin aiki, ma'aikata suka fito kamar an fasa rumbu. Ya yi tsalle ya fita, ya kwanta a laka yana dukan kansa, allon hotuna ya tsinke, katunan suka watse, wasu suka bi kwata. Nan da nan aka kewaye mu. Wani na tofa masa addu'a, wani na cewa aljanu ne, wata na cewa farfaɗiya ce kada a taɓa yawunsa, wani ya ɗaga waya zai ɗauka sai da wani dattijo ya daka masa tsawa. Kowa na da magani, ba wanda ya tambaye ni me yaron ke so. Ni ma ban sani ba. Na durƙusa a laka ina tsintar katuna, har Allah ya sa ya gaji.

Da muka isa gida Uwani ta dube mu ba ta tambayi komai ba, ta ɗora ruwan zafi, ta wanke katunan da suka tsira ta shanya su a igiya tare da ɗankwalayenta. Washegari na ce wa Malama zan koma gida, abin da Allah ya rubuta shi zai faru. Ta ce in na tafi ba za ta hana ni ba, amma in lura da abu ɗaya, allon ba shi da hoton "ƙara ta yi yawa" ko na "mu koma", don haka ko ya so gyarawa ba shi da abin gyarawa. Kuskuren namu ne, mu manya. Muka yi sababbin katuna. Na zauna.

Wajen ƙarshen hutu ya fara ba ni jan kati ba tare da an tura hannunsa ba. Ba kullum ba. Wata rana ya ba ni, wata rana ya jefe ni da abin da na miƙa. Malama ba ta yi mini alkawarin komai ba, ta ce dai in ci gaba da kuskure, kaɗan-kaɗan, kuma in na kuskure in jira, kada in yi saurin gyara masa. Uwani ta ba ni ɗaurin yaji. Maigidana ya raka mu tasha, ya tsaya a gefen tagar da yaro yake har mota ta tashi, yana kallon taya. Hanyar dawowa ba ta da labari, sai gero da ya fitar da kai hagu da dama, da ni da ke lissafin abin da zan ce wa Baffa.

Da muka sauka na bi gidan da waya ina ɗaukar hoton komai, rumbu, bayi, ƙofar waje, akuyarmu, har da ƙofar ɗakin Iya da ke kulle tun bayan arba'in. Na kai wa mai hoto a kasuwa ya wanko, na liƙa su a allo. Kwanakin farko ba yabo ba fallasa, ya buga kai sau ɗaya, ya ba ƙanwarsa hoton randa sau ɗaya, ta ruga tana ihun murna ta manta da ruwan.

Ana gobe za a buɗe lakwal Baffa Isuhu ya shigo bayan la'asar. Na shimfiɗa masa tabarma, muka gaisa, na san abin da ya kawo shi. Kafin ya buɗe baki yaro ya fito ya tsaya a gabana, ya ciro hoton ƙofar Iya ya ajiye mini a cinya. Makullin yana aljihun Baffa. Na dube shi, ya dubi hoton, ya tashi ya buɗe.

Yaro ya shiga, ya duba bayan ƙofa, ya duba kan gado, ya fito. Ya ciro jan kati ya ba ni, ya sake ba ni hoton ƙofar. Wannan karon ba da gangan nake kuskure ba. Na shiga na ɗauko masa ƙwaryar da Iya ke dama masa fura. Jan kati. Na ɗauko bargonta. Jan kati. Numfashinsa ya fara sauri, ya juya ya dubi bangon nan da ya saba, ni kuma na riƙe hannuwana na jira kamar yadda aka koya mini. Bai je bangon ba. Ya koma kan allo ya bi hotunan ɗaya bayan ɗaya da yatsa, bai sami wanda yake nema ba, sai ya kama mini zane ya ja ni cikin ɗakin, ya buga tafinsa a kan gadon, daidai inda take zama.

Baffa yana tsaye a bakin ƙofa. "Iya yake tambaya," ya ce a hankali.

Na sani. Tun a bargon na sani. A duk katunan da muka yi a Bompai babu na wannan amsa, kuma ban san wane hoto ake ɗauka a faɗa wa yaro cewa mutum ba zai dawo ba. Baffa ya goge fuska da hannun riga, ya ajiye makullin a kan taga.

"Ki je lakwal ɗinki gobe," ya ce. "A kawo mini shi zaure da safe. Amma ki fara nuna mini yadda ake yi da jan nan." Ya sa takalmi ya fita.

Na zauna a kan gadon, inda ya buga. Ya zauna kusa da ni. Can sai ya kama hannuna ya ɗora a ƙeyarsa, ya motsa shi sama da ƙasa. Ban san Iya na yi masa haka ba, ban taɓa shiga in gani ba. Na fara shafawa yadda na iya. Bai daɗe ba ya laluba allo, ya ciro jan kati ya ajiye mini a cinya.

Na ce, "Na sani. Ba wannan ba ne."

Zan janye hannun ke nan, sai ya riƙe mini wuyan hannu ya mayar da shi ƙeyarsa. Haka muka zauna, katin a cinyata, ina shafawa, har aka kira magariba.